Fakiti Arba'in na Bahauddeen

Ranar Juma'a bayan an sallame a masallacin jami'a da ke Jalan Semarak, ban ga mutum ɗaya da ya miƙa wa Zahraddeen hannu ba. Ya tsaya wajen takalma yana kallon ƙasa, 'yan uwanmu 'yan Najeriya suna raɓa shi suna wucewa kamar ba su taɓa haɗa kwano da shi ba. A nan maganar ta iso kunnena. Wai an sace wa Bahauddeen kwalin fakiti arba'in daga ɗakin gwaje-gwaje, ɗaya ya ɓulla a hannun wani kamfanin kwali da ke garin Shah Alam, kuma mutum biyu ne kawai ke da makullin kabad ɗin: mai kayan, da amininsa Zahraddeen. Jami'a ta dakatar da Zahraddeen, kwamiti zai zauna Litinin ta sama. In suka kore shi bizarsa ta mutu, ya koma Haɗeja babu digiri, ga sunan ɓarawo.

Ni sunana Tajuddeen. Mahaifina mai bin sawun shanu ne a Ringim, ni kuma na yi shekara goma sha huɗu a sashen bincike na 'yan sanda kafin rigimar karatu ta kwaso ni Kuala Lumpur da furfurata. Duk wanda ya ɓatar da waya ko fasfo, ƙofata yake bugawa. Ba na son aikin, domin ban taɓa gama bincike aka gode mini ba.

Ina ɗaura takalmi Bahauddeen ya durƙusa kusa da ni. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Baba Taju, so nake ka tabbatar mini da shi. Shaida nake so a rubuce."

"Ni ba na tabbatar da mutum," na ce. "Sawu nake bi. Inda ya tsaya, nan zan tsaya."

Ya ce ya yarda. Duk haka suke cewa da farko.

*

Duk wanda ya taɓa ajiye kilishi a garin nan ya san kwana uku ne danshi ya mayar da shi tsumma. Shekara biyar Bahauddeen ya yi yana faɗa da danshin nan, har ya ƙera fakitin takarda mai rufe kansa, babu gam babu salatif, da wani ɓoyayyen ninki biyu a ciki da ke tare iska. Ya nemi fatent, wato takardar da hukuma ke ba mutum cewa ƙirƙirar tasa ce, babu mai yin ta sai da izininsa. Ofishin rajista ya ƙi ba shi, shi ne ya ɗaukaka ƙara.

Ya kai ni wajen lauyarsa, Puan Kausar, wata 'yar Malay mai gilashi da ba ta ɓata magana. Ana ta zabga ruwa a waje, tagar ofishin duk ta yi hazo.

"Encik Tajuddeen," ta ce da Turanci, "kotu abu biyu za ta duba. Me ya ce nasa ne, kuma sabo ne ko ba sabo ba. A takardarsa ya rubuta cewa duk fakitin takarda mai rufewa da ninki nasa ne. Ya yi faɗi da yawa. Akwai wani na Japan da ya yi haka tun kafin a haife shi."

"Kamar mutum ya shata gonarsa har cikin ta maƙwabci," na ce.

"Haka. Sai mu janye iyakar, mu tsaya a kan ninkin ciki kawai. Wannan babu wanda ya taɓa yin sa. Da hoto ne kawai ya fita, da mun tsira, domin hoto ba ya nuna ciki. Amma kamfanin fakitin ne sukutum a hannunsu. A doka, in ka miƙa wa mutum ɗaya tak abinka ba tare da ya yi alkawarin rufe baki ba, duniya ka miƙa wa. Ko ya buɗe ko bai buɗe ba."

"To ina amfanin kama ɓarawo?"

Ta cire gilashin ta goge. "Akwai ƙofa ɗaya. In abin ya fita cikin shekara guda kafin ranar da ya shigar da takarda, kuma sata ce ta fitar da shi, kotu za ta kau da kai. Ya shigar a watan Mayu. Shi ya ce a watan Agustan da ya gabaci wannan ya tarar babu kwalin, wata tara ke nan. Kamfanin kuma sun ce tun Maris yake hannun ma'aikacinsu, wata goma sha huɗu, sai dai ba su da hujjar ranar. Saboda haka ina buƙatar ɓarawo, kuma ina buƙatar sa a watan Agusta."

Na dubi Bahauddeen. Yana murza zoben hannunsa, bai ɗago ba.

*

Kwana biyu na ɓata a kan tsegumi. An rantse mini an ga Zahraddeen a wani gidan abincin Larabawa na Bukit Bintang tare da wani ɗan Sin mai kwat, suna ƙus-ƙus. Na hau jirgin nan mai tafiya a kan doron ƙarfe ɗaya na je, na sha shayin da ban yi niyya ba, sai ga shi mutumin mai gidan hayarsa ne, rigimar famfo suke. Na tsine wa tsegumin 'yan boko na dawo.

Mai gadin ɗakin gwaje-gwaje ya fi amfani. Ya ce tabbas ya ga dogon ɗan Afirkan nan ya fita da kwali a kafaɗa, da rana tsaka, har ya ɗaga masa hannu. Wane wata? Ya ɗaga kafaɗa. Abin da ya iya tunawa kawai, a lokacin ana warin fenti.

Ɓarawon da ke ɗaga wa mai gadi hannu bai kwanta mini a rai ba.

Na samu Zahraddeen a wani mamak na Setapak, irin shagunan shayin nan na Indiyawa Musulmi. Roti, irin gurasarsu, ya huce a gabansa bai taɓa ba.

"Kai ka ɗauki kwalin?"

"Ni na ɗauka, Baba."

"Yaushe?"

Ya ture farantin gefe.

"Ina ka kai shi?"

"Baba, don Allah ka yi haƙuri. Wannan ba zan faɗa ba."

"Kai, ka san Litinin korar ka za su yi? Shekara huɗu ka yi a ƙasar nan. Me za ka ce wa mahaifiyarka?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Zan ce mata Allah bai yi ba."

Na yi wa ɓarayi da yawa tambaya a rayuwata. Ɓarawo surutu gare shi, yana ba ka labari uku kafin ka nemi ɗaya. Wanda ya amsa laifi ya kuma kulle baki, wani yake karewa. Raina ya ɓaci, na biya kuɗin shayina na fita cikin ruwa.

*

Ranar Alhamis Puan Kausar ta samo mana izinin duba fakitin a ofishin lauyoyin kamfanin. Suka kawo shi cikin leda, suka sa mutum ya tsaya a kanmu. Ɗan abu ne kamar tafin hannu, ruwan ƙasa, gefensa ya yi duhu.

Mahaifina ya koya mini ba a kallon sawu daga sama, durƙusawa ake yi. Na kai idona daidai tebur, na sa tsinken sakace na ɗaga ninkin cikin nan a hankali. Duhun da ke gefen takardar maiƙo ne. Can cikin lungun ninkin kuma, inda yatsa ba ya kaiwa, wasu siraran zare ne guda uku a maƙale, ja-ja, busassu, da ɗigon yaji a jikinsu.

"Da me kuke gwada shi a ɗakin gwaje-gwaje?" na tambayi Bahauddeen da Hausa.

"Gishiri da garin shinkafa. Ba a shiga da nama wajen."

Na ajiye tsinken. Ko a mafarki na ga dambun nama zan gane shi, kuma babu ɗan Malay ko ɗan Sin da ke daka nama ya soya shi haka. Fakitin nan kafin ya je Shah Alam sai da ya bi ta kicin ɗin Bahaushiya.

*

Na tarar da matata Firdausi tana yanka albasa.

"Firdausi, yaushe rabon da a yi rabon dambun nama a garin nan?"

Wuƙar ta tsaya. Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa ganin wuƙarta ta tsaya don na yi magana ba.

"Malam, ka bar maganar nan."

"Ashe kin sani."

"Duk matan da suka je wunin sun sani. Ku maza ne ba ku kallon abin da aka ƙunso muku abinci. Kai ma a ciki ka ci, har kana cewa yajin ya yi yawa."

Kunya ta kama ni har wuya. Mai bin sawu, sawun ya shigo har falona na lashe na jefa kwandon shara.

Ta zauna ta ba ni labarin, tana share ido da gefen mayafi. Hureira matar Bahauddeen ta haihu cikin yana wata bakwai, shekararsu tara da aure ba su taɓa samu ba. Jaririyar tana cikin kwalba a asibiti, uban ya tare a can, ko wayarsa ba ya ɗauka. Ranar suna aka yi addu'a a masallaci da safe, aka raɗa mata Rumaisa, ya koma asibiti. Mata suka yi wuni a gida, inda namiji ba ya taka ƙafa. Da yamma aka raba dambu a cikin fakiti arba'in, kowace ta tafi da nata, aka bi maƙwabta ƙofa-ƙofa kamar yadda muke yi a gida. Kwana ashirin da uku Rumaisa ta yi a duniya. Bahauddeen bai sake leƙa ɗakin gwaje-gwaje ba sai watan Agusta.

"Wane wata aka yi sunan?" na tambaya, alhali na sani. Ni na riƙe masa lema a maƙabarta.

"Maris," ta ce. "Malam, yarinyar nan ta ga abin da ya ishe ta. Don girman Allah."

"Zahraddeen fa? Shi ba uwa ce ta haife shi ba?"

Ta koma kan albasarta.

*

Ƙofar da ke kallon ta su Bahauddeen a hawa na goma sha biyu ta Kak Kamila ce, wata dattijuwa 'yar Malay mai fara'a. Ina ambatar fakitin ta washe baki.

"Biyu aka ba ni lah. Naman akwai daɗi, sai dai yaji. Ƙanena ya zo makan, wato cin abinci, ya ga takardar ya ce bai taɓa ganin irin ninkin nan ba, ya roƙe ni ɗaya. A kamfanin kwali yake aiki."

"An ce ki ɓoye, ko kada ki nuna wa kowa?"

"In ɓoye me? Kyauta ce ta haihuwa."

Ta lalubo wayarta ta nuna mini hoton da ta ɗauka a ranar: fakiti biyu a kan faranti, kwanan wata a sama, sha bakwai ga Maris. Ƙanen bai san tana da shi ba, kuma babu lauyan da ya taɓa buga mata ƙofa. Ta tambaye ni ya jikin Hureira, ta ce tun rasuwar ba ta ƙara jin dariyarta ta bango ba.

Na sauko da ƙafa hawa goma sha biyu, domin ban so in tsaya jiran lif a ƙofar gidan.

*

Lahadi bayan La'asar na tara su a falon Bahauddeen. Shi yana kujera, Zahraddeen ya rakuɓe bakin ƙofa a kan kafet. Hureira da Firdausi suna ɗaki, labule a tsakaninmu. Sama ta yi baƙi, sai da aka kunna fitila.

Na fara da mai gidan haya, na bi ta mai gadi da warin fenti. Na ce na bincika a jami'a, a watan Maris aka yi wa ɗakin gwaje-gwaje fenti, aka ce kowa ya kwashe kayansa cikin kwana biyu, mai kayan kuma yana asibiti ba ya ɗaukar waya.

"Zahraddeen, nan gidan ka kawo kwalin, ko ba haka ba?"

Ya sunkuyar da kai.

Na faɗi dambun nama, na faɗi wunin suna, na faɗi Kak Kamila da hotonta. Na yi ta kewaye-kewaye ina cewa wasu mata ne leda ta ƙare musu, don kada in kama suna. Bahauddeen yana sauraro bakinsa a ɗan buɗe. Da na ambaci sha bakwai ga Maris sai ya runtse ido, ya daɗe bai buɗe ba.

"Wata goma sha huɗu," ya ce a hankali. Ya gyara zama. "Baba Taju, wa ya ga hoton nan?"

"Ni."

"Kamfanin ba su san da shi ba. Lauyata ba ta san da shi ba." Ya dube ni. "Shekara biyar, Baba. Babu abin da ya rage mini a ƙasar nan sai shi. In aka bar maganar yadda take zuwa a gama shari'a, ni da kaina zan nema wa Zahraddeen wata makarantar, wallahi zan nema."

Bai iya kallon abokinsa ba lokacin da yake faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai, Zahraddeen ne ya amsa.

"In zai ceci aikin, Baba, ni na ɗauka. Dama na riga na ɗauka."

"Ka ɗauki me?" na ce. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. "Sunan ubanka ne za ka bayar aro? Kai kuma Bahauddeen, rantsuwa za a ba ka a kotu. Za ka ɗora ta a kan mutumin da ya ɗauko maka kaya a kafaɗa kana jinyar 'yarka?"

Bahauddeen ya kau da kai. Ruwa yana ta dukan taga.

"Abban Rumaisa."

Daga bayan labule muryar Hureira ta fito. Na ji Firdausi na cewa ta yi shiru, ba ta yi ba.

"Ba leda ce ta ƙare ba. Baba Taju rufa mini asiri yake yi. Leda tana nan cike da kabad. Malam Zahraddeen ma da ya kawo kwalin sai da ya ce kada a buɗe. Ni na buɗe, ni na ce a zuba a ciki."

"Me ya sa, Hureira?"

"Likita ta faɗa mini gaskiya tun kwana na biyar, kai ne ba ta faɗa wa ba. Na san ba za a yi mata yaye ba, ba za a yi mata sauka ba, ba za a yi mata aure ba. Taro ɗaya ke gare ta a duniya. Na so a ce a sunanta aka fara ganin aikin babanta." Ta ja numfashi. "Ban san akwai wata doka ba. Da na gane kuma, tsoro ya hana ni. Kullum in na ga Malam Zahraddeen ta taga sai in kasa cin abinci."

Bahauddeen ya kifa fuskarsa a tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza. Na tausaya masa ƙwarai, na tausaya mata fiye da shi. Can ya miƙe, ya je har bakin ƙofa ya durƙusa gaban Zahraddeen ya kama hannunsa biyu. 

*

Litinin da safe ya je gaban kwamiti ya janye ƙararsa. Ni na raka shi wajen Puan Kausar da hoton. Ta kalle shi, ta ajiye wayar, ta ce ba za ta ɓoye wa kotu ba, kuma ya shirya.

An mayar da Zahraddeen, amma ya nemi a canza masa ɗakin gwaje-gwaje. Suna gaisawa da Bahauddeen a masallaci, iyakarta ke nan. Waɗanda suka ƙi ba shi hannu ba wanda ya je ya ba shi haƙuri, sai ma ni da suka koma yi da ni, wai na tona asirin mai jego.

Wata huɗu bayan nan kotu ta yanke hukunci. Lauyar ta yi iya ƙoƙarinta, ta matse iyakar har ta tsaya a kan ninkin ciki kaɗai. Alƙali ya yarda ninkin hikima ce da babu wanda ya riga shi. Amma ya ce fakitin da aka miƙa wa maƙwabciya an miƙa shi da cikinsa da wajensa, kuma wata goma sha huɗu ya wuce shekara. Aka kori ƙarar. Yanzu kowa na iya yin fakitin, kamfanin Shah Alam ma har ya fara.

Ranar da su Bahauddeen za su koma Najeriya na je taya su sauko da akwatuna. Hureira ta riga ta shiga mota, fuskarta a rufe. Bahauddeen ya ja ni gefe ƙarƙashin rumfa, ya zaro takardun hukuncin daga jakar fasfo ɗinsa, ya buɗe shafi na tara ya ɗora yatsa. Alƙali ya rubuta cewa an fara bayyana ƙirƙirar ga jama'a ranar sha bakwai ga Maris, a wajen bikin sunan Rumaisa Bahauddeen.

"Takarda biyu gare ta a ƙasar nan, Baba," ya ce. "Ta haihuwa da ta rasuwa. Wannan ce ta uku. Ita kaɗai ce ta ce an yi mata biki."

Ya ninke ta a hankali ya mayar cikin jakar, ya shiga motar ya zauna kusa da matarsa.